Yadda ake cire Apache ko Nginx da aka harhaɗa da hannu a kan Linux

Duk manhajar da aka girka da apt ko dnf tana da rajista. Na'ura ta san kowane fayil da ya shigo tare da ita da inda aka ajiye shi, don haka umarni ɗaya ya isa a kwashe su gaba ɗaya. Wadda aka sauko da lambar tushenta aka harhaɗa da ./configure, make da make install ba ta da wannan gata. Abin da make install yake yi kawai shi ne ya kwafi fayiloli ya zuba su a foldoji, ba ya rubuta komai a ko'ina. Shi ya sa idan ka buga apt remove nginx, ko dai a ce maka ba a girka shi ba, ko kuma a cire wani Nginx ɗin daban wanda ba shi kake nufi ba.

Mutum zai koma foldar lambar tushen ya gwada make uninstall. Akwai manhajoji da dama da wannan yake yi wa aiki, amma Apache da Nginx, sabobin shafukan yanar gizo, ba sa cikinsu. Amsar da za ka samu ita ce "No rule to make target 'uninstall'". To tunda babu jerin fayilolin, kai ne za ka haɗa shi, kuma yawancin aikin ke nan. Gogewar ita kanta ba ta wuce minti guda ba.

Umarnin da ke ƙasa duk suna buƙatar ikon root, ko ka riƙa sa sudo a gabansu.

Mataki na 1: Gano wanne ne yake aiki

Ba abin mamaki ba ne a tarar da sabar biyu a na'ura ɗaya, ɗaya ta fakiti (wato wadda aka girka da apt ko dnf), ɗaya ta hannu, musamman idan gadon na'urar ka yi daga wani. Fara da duba wanda yake riƙe da ƙofa ta 80 da ta 443:

    ss -ltnp | grep -E ':(80|443)\b'

A ƙarshen kowane layi za ka ga sunan manhajar da lambar pid ɗinta, wato lambar da na'ura ta ba aikin da yake gudana. Ɗauki lambar, mu ce 1234 ce, ka tambayi na'ura ainihin fayil ɗin da yake gudana:

    ls -l /proc/1234/exe

Idan ya nuna /usr/local/nginx/sbin/nginx ko /usr/local/apache2/bin/httpd, kusan babu shakka na hannu ne, domin nan ne mazauninsu na asali idan ba a canza komai ba lokacin configure. Idan kuwa ya nuna /usr/sbin/nginx, kada ka yanke hukunci tukuna. Jagororin harhaɗawa da yawa suna sa mutum ya ajiye shi a can ɗin, daidai wurin da na fakiti yake zama. Tambayi mai kula da fakiti ko ya san fayil ɗin. A Debian da Ubuntu:

    dpkg -S /usr/sbin/nginx

A Fedora, Rocky, AlmaLinux da danginsu:

    rpm -qf /usr/sbin/nginx

Idan ya ambaci sunan fakiti, to wannan jagorar ba taka ba ce, apt ko dnf za su yi maka aikin. Idan ya ce babu fakitin da ya mallaki fayil ɗin, ci gaba. Ka kuma buga type -a nginx httpd apachectl don ka ga ko akwai wani kwafi da yake kwance a wani lungu.

Mataki na 2: Sa sabar ta faɗi inda aka watsa fayilolinta

Wannan matakin dole a yi shi kafin a goge komai, saboda amsar tana cikin fayil ɗin da kake shirin gogewa. Nginx yana riƙe da duk zaɓin da aka ba shi lokacin harhaɗawa:

    /usr/local/nginx/sbin/nginx -V 2>&1 | tee /root/nginx-zabi.txt

Babban V ne. Ƙaramin v lambar sigar kawai yake bayarwa. Layin da ya fara da "configure arguments" shi ne abin nema. Karanta shi a tsanake, ka tsamo duk abin da ya ƙare da path: --sbin-path, --conf-path, --modules-path, --error-log-path, --http-log-path, --pid-path, --lock-path, da su --http-client-body-temp-path. Sannan ka duba --prefix, --user da --group. Idan layin babu komai, ko --prefix ne kaɗai a ciki, ka yi sa'a, komai yana ƙarƙashin folda ɗaya.

Shi Apache, httpd -V yana nuna HTTPD_ROOT da SERVER_CONFIG_FILE, amma cikakken zaɓin configure yana cikin wani ɗan fayil mai suna config.nice, wanda make install yake ajiye kwafinsa a foldar build:

    cat /usr/local/apache2/build/config.nice
    cp /usr/local/apache2/build/config.nice /root/

Idan ka ga --enable-layout a ciki da wani suna kamar RedHat, Debian ko GNU, ka san fayilolin sun bazu. Taswirar kowane tsari tana cikin config.layout a foldar lambar tushe.

Akwai kuma abubuwan da configure bai san da su ba, waɗanda aka rubuta daga baya a cikin saiti: inda shafukan suke, inda takardun SSL suke, inda kowane shafi yake zuba log ɗinsa. Nginx zai karanto maka saitinsa gaba ɗaya, har da fayilolin da aka jawo da include:

    nginx -T 2>/dev/null | grep -E 'root|alias|ssl_certificate|_log|include'

A Apache, httpd -S yana lissafo shafukan da fayil ɗin da aka bayyana kowanne a ciki. Bi su da grep ka nemi DocumentRoot, SSLCertificate, CustomLog da ErrorLog.

Mataki na 3: Kwafin ajiya

Foldar html ta Nginx da htdocs ta Apache suna cikin babbar foldar da za a goge, kuma mutane da yawa a nan suke zuba shafukansu kai tsaye. Takardun SSL da makullansu ma sau da yawa a cikin conf ake cusa su. Kwashe su:

    tar czf /root/ajiyar-nginx.tar.gz /usr/local/nginx/conf /usr/local/nginx/html
    chmod 600 /root/ajiyar-nginx.tar.gz
    tar tzf /root/ajiyar-nginx.tar.gz | less

Layi na biyu saboda makullan sirri da ke ciki ne, na uku kuma don ka gani da idonka cewa abin ya shiga. Idan kana buƙatar tsofaffin log, haɗa da su. Ka fitar da kwafi ɗaya daga na'urar.

Mataki na 4: Tsayar da ita, ka hana ta sake tashi

Linux yana barin a goge fayil ɗin manhaja tana tsaka da aiki. Za ta ci gaba da gudana a ƙwaƙwalwa tana riƙe da ƙofa ta 80, filin da log ɗinta suka cinye a faifai ba zai dawo ba, kuma kayan da ake tsayar da ita cikin tsari sun tafi. Don haka tsayarwa ce a gaba.

Duba ko wani ya rubuta mata fayil na systemd, tsarin da ke tayar da manhajoji idan na'ura ta kunna, domin make install ba ya yin wannan, da hannu ake yi:

    systemctl cat nginx

Layin farko yana nuna inda fayil ɗin yake, layin ExecStart kuma yana nuna wace manhaja yake tayarwa. Tabbatar taka ce. Na Apache sunan yana iya zama httpd, apache, apache2 ko duk abin da mai girkawa ya ga dama, don haka grep -rl /usr/local/apache2 /etc/systemd/system zai fi saurin nemo shi. Idan akwai:

    systemctl disable --now nginx

Idan babu, yi amfani da kayan sabar. Umarnin nginx -s quit yana barin buƙatun da ake kan yi su kammala kafin ya rufe, nginx -s stop kuwa yankewa yake nan take. Takwarorinsu a Apache su ne apachectl -k graceful-stop da apachectl -k stop. Rubuta cikakken wurin fayil ɗin, kada ka kira na fakiti bisa kuskure. Sake buga umarnin ss na matakin farko. Idan har yanzu tana nan, ko ta mutu ta dawo, akwai mai tayar da ita: monit, supervisor, ko Restart=always a wani fayil na systemd da ba ka gano ba. Nemo shi kafin ka matsa. Shi kill -9 a kan babban aikin Nginx yana iya barin ƙananan ma'aikatansa a raye suna riƙe da ƙofar, shi ya sa ba na son a fara da shi.

Mataki na 5: Cirewa

A nan hanya ta rabu biyu, kuma abin da ka karanta a mataki na 2 shi zai nuna maka wadda za ka bi.

Idan komai yana folda ɗaya ta sabar ita kaɗai, kamar /usr/local/nginx, /usr/local/apache2 ko /opt/httpd, aikin mai sauƙi ne. Shawarata ita ce ka sauya mata suna maimakon ka goge nan take:

    mv /usr/local/nginx /usr/local/nginx.za-a-goge

Duk abin da ya dogara da ita zai yi ƙorafi yanzu, alhali kana da hanyar komawa da umarni ɗaya. Bayan ka gama sauran matakan, ka sake kunna na'ura, komai ya tashi lafiya, sai ka buga rm -rf /usr/local/nginx.za-a-goge. Karanta layin sau biyu kafin ka danna. Tazara guda ɗaya da ta faɗo bayan /usr/local ta isa ta kwashe foldar duka.

Idan kuwa --prefix ɗin /usr ne, ko /usr/local kawai ba tare da ƙaramar folda ba, ko an rarraba fayilolin zuwa /etc, /usr/sbin da /var, to rm -rf a kan prefix ya haramta gare ka. Fayilolin sabar sun cakuɗe da na wasu manhajojin, sai an tsince su ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ita ce a sa make install ya maimaita aikinsa a cikin foldar da babu komai, sannan a ƙirga abin da ya zuba. Apache da Nginx duka suna mutunta DESTDIR, wato folda da ake liƙawa a gaban kowane wurin girkawa. Shiga foldar da aka yi harhaɗawar, galibi tana /usr/local/src ko a gidan wanda ya yi aikin:

    cd /usr/local/src/nginx-1.24.0
    make install DESTDIR=/tmp/gwaji
    cd /tmp/gwaji
    find . \( -type f -o -type l \) | sed 's/^\.//' | sort > /root/jeri.txt

Yanzu /root/jeri.txt yana ɗauke da sunan kowane fayil da wurinsa na gaskiya a na'urar. Kula da rubutun DESTDIR sosai. Idan ka yi kuskuren harafi, make ba zai ce uffan ba, zai sake girka sabar ne a wurinta na ainihi.

Akwai sharaɗi. Jerin zai yi daidai ne kawai idan foldar tana nan yadda aka bar ta, ba a sake yin configure da wani zaɓi daban ba bayan girkawar. Kwatanta wuraren da suka fito a jerin da abin da nginx -V ya faɗa. Idan sun saɓa, ko an riga an goge foldar lambar tushen, sauko da sigar nan daidai, ba sabuwa ba. Dukansu biyu suna ajiye tsofaffin sigoginsu a shafukansu. Yi configure da zaɓin da ka adana, ka yi make, sannan ka yi dabarar DESTDIR. A Apache ma ba sai ka kwafi zaɓin da hannu ba, domin config.nice umarni ne da kansa. Shiga sabuwar foldar ka buga sh /root/config.nice. Wani lokaci harhaɗa tsohuwar siga a kan sabon tsari yana ƙi, misali tsohon Nginx da sabon OpenSSL. A irin wannan hali, na Nginx ba ya buƙatar wahala: fayilolinsa kaɗan ne, kuma bayan configure kaɗai za ka iya buɗe objs/Makefile ka karanta sashen install, layi-layi yana faɗin abin da ake kwafa da inda ake kai shi. Apache ne mai ɗaruruwan fayiloli, saboda littafin jagorarsa da hotunan icons da fayilolin include.

Kafin gogewa, tace jerin. Mai yiwuwa wani fakiti ya zo daga baya ya rubuta nasa fayil a kan ɗaya daga cikin wuraren nan:

    while read f; do dpkg -S "$f" 2>/dev/null; done < /root/jeri.txt

A dangin Red Hat, sa rpm -qf "$f" a wurin dpkg, ka tace layukan da suka ce "not owned". Duk fayil ɗin da aka ce na wani fakiti ne, cire sunansa daga jerin. Sannan buɗe jerin ka karanta shi da ido daga sama har ƙasa. Idan ya kwanta maka:

    xargs -d '\n' rm -v < /root/jeri.txt

Foldojin da suka rage, bi su da rmdir, ba rm -r ba. Amfanin rmdir shi ne yana ƙin goge foldar da ke da wani abu a ciki, kuma ƙin nasa labari ne: akwai abin da jerin bai sani ba. Yawanci abubuwa uku ne. Na farko fayilolin saiti da aka ƙara da hannu. Na biyu abin da sabar ta ƙirƙira tana aiki, wato log, fayil ɗin pid, da foldojin wucin gadi na Nginx irin su client_body_temp, proxy_temp da fastcgi_temp. Na uku nginx.old, wanda make install yake bari idan an taɓa girka sabuwar siga a kan tsohuwa. A Apache kuma za ka iya tarar da libphp.so ko wani modul a foldar modules, domin apxs ne ya kai shi can lokacin da aka harhaɗa PHP.

Mataki na 6: Abubuwan da ba make install ne ya ajiye ba

Wanda ya girka sabar ya taɓa wurare da dama da hannunsa, kuma babu jerin da zai nuna su. Umarni ɗaya yana fallasa yawancinsu:

    grep -rIl -e /usr/local/nginx -e /usr/local/apache2 /etc /var/spool/cron /root/.bashrc /root/.profile 2>/dev/null

Fayil ɗin systemd da ka gano a mataki na 4, goge shi, da foldarsa mai ƙarewa da .service.d idan akwai, sannan systemctl daemon-reload. A tsofaffin na'urori rubutun tayarwa yana /etc/init.d. Cire rajistarsa da update-rc.d -f nginx remove a Debian, ko chkconfig --del nginx a tsohon CentOS, kafin ka goge shi. Leƙa /etc/rc.local da crontab -l ka nemi layin @reboot.

Fayil ɗin /etc/logrotate.d/nginx yana da ban haushi idan aka manta da shi, saboda zai riƙa neman aika sigina ga sabar da babu ita, kuskuren kuma ya riƙa fitowa kullum. Haka certbot, mai sabunta takardun SSL: duba /etc/letsencrypt/renewal da renewal-hooks, domin a can ake sa umarnin sake loda sabar bayan sabunta takarda, kuma idan hanyar tantancewar ta dogara da foldar shafin da ka goge, sabuntawar za ta gaza a ɓoye har ranar da takardar ta ƙare. Idan kana da fail2ban, shi ma yana karanta log ɗin sabar, kuma yana iya ƙin tashi idan fayil ɗin da aka nuna masa ya ɓace.

Mahaɗan da aka yi da ln -s don a riƙa kiran sabar da gajeren suna sun zama matattu yanzu. Nemo su:

    find /usr/bin /usr/sbin /usr/local/bin /usr/local/sbin -xtype l

Goge waɗanda suke nuni ga tsohuwar foldar kawai. Cire ta daga PATH idan an saka ta a /etc/profile.d ko .bashrc, sannan hash -r don tagar umarnin ta manta tsohon wurin.

Sai laburare, kuma nan ne ya kamata a fi taka tsantsan. Apache 2.4 yana buƙatar APR, APR-util da PCRE. Idan an harhaɗa shi da --with-included-apr, APR da APR-util suna cikin foldarsa, sun tafi tare. Idan daban aka harhaɗa APR, yana /usr/local/apr, kuma ba Apache kaɗai ke amfani da shi ba, Subversion ma yana so. Wasu kuma sukan harhaɗa OpenSSL ko PCRE su zuba a /usr/local/lib, inda kowace manhaja a na'urar za ta iya ɗauka ba tare da ka sani ba. Duba masu amfani da su a halin yanzu:

    grep -l /usr/local/apr /proc/[0-9]*/maps

Wannan yana nuna ayyukan da suke gudana ne kawai, ba zai ga manhajar da take kwance ba. Idan kana kokwanto, a bar kaza cikin gashinta, ƴan megabait ne. Idan ka tabbata ka cire, goge layinsu a /etc/ld.so.conf.d ka buga ldconfig.

Asusun mai amfani ma haka. Nginx na asali yana gudana da nobody, Apache da daemon, kuma waɗannan na tsarin ne, ba a taɓa su. Haka www-data a Debian da Ubuntu. Idan an ƙirƙiri asusu na musamman mai suna nginx ko apache, duba abin da ya mallaka da find / -xdev -user nginx, ka kuma leƙa saitin php-fpm, domin sau da yawa da sunan nan yake gudana. Idan na fakiti za ka girka a madadinsa, bar asusun. Idan kuwa na'urar ta daina harkar yanar gizo gaba ɗaya, userdel nginx, sannan ka rufe ƙofa ta 80 da ta 443 a ufw ko firewalld.

Mataki na 7: Tabbatarwa

Sake kunna na'urar idan hali ya yi. Bayan ta tashi, systemctl --failed zai nuna duk abin da ya gaza tashi, ss -ltnp ya nuna ƙofofin a sake, type -a nginx kuma ya ce bai san shi ba. Idan df bai nuna filin ya dawo ba kuma ba ka sake kunnawa ba, lsof +L1 zai nuna aikin da yake riƙe da fayilolin da aka goge.

Mai shirin komawa na fakiti ya tabbatar abubuwa biyu sun kau daga hanya. Idan tsohon /etc/nginx yana nan, apt zai tsaya ya tambaye ka wanne zai riƙe, naka ko nasa, kuma tsohon saitin yana iya kiran modul ɗin da na fakitin ba shi da shi. Gara ka matsar da foldar gefe, ka girka sabo, sannan ka dawo da shafukanka ɗaya-ɗaya kana gwadawa da nginx -t. Na biyu, systemd yana fifita fayil ɗin da ke /etc/systemd/system a kan wanda fakiti ya kawo. Idan tsohon nginx.service ya rage a can, sabon Nginx zai ƙi tashi, saƙon kuskuren yana nuni ga foldar da ka riga ka goge.

Idan wata buƙata ta sa dole ka sake harhaɗawa, kamar wani modul da babu shi a fakiti, ba shi folda tasa mai ɗauke da lambar siga, misali --prefix=/opt/nginx-1.24.0, kada ka taɓa sauran zaɓin path ɗin. Idan tilas ne a rarraba fayilolin, yi dabarar DESTDIR tun kafin girkawar ta gaskiya, ka adana jerin tare da zaɓin configure a wuri ɗaya. A Debian da Ubuntu akwai kuma checkinstall, wanda ake bugawa a madadin make install. Yana lura da abin da aka kwafa, ya naɗe shi ya zama fakitin deb, ya yi masa rajista, ta yadda dpkg -r da sunan fakitin zai cire shi daga baya. GNU Stow kuma yana riƙe kowace manhaja a foldarta ƙarƙashin /usr/local/stow, mahaɗai kawai yake shimfiɗawa zuwa bin da sbin, kuma stow -D da sunan foldar yana kwashe su.